Jan Ƙarfe Bakwai Da Na Kai Maƙera

Shekarun baya, tun ana sayen gishiri da kuɗin wuri, Nasara ba su shigo ƙasar Katsina ba, mahaifina ya tashi daga Yasore ya tafi aikin hajji a ƙasa. Shekara takwas ba mu ji ɗuriyarsa ba. A ta tara, bayan an gama yankan gero, wani baƙo ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ya ce tare suka yi tafiyar. Sun sauke farali, sun ziyarci Madina, har Ƙudus sun taka. A hanyar dawowa ciwon ciki ya kama mahaifina a ƙasar Barno, can aka binne shi. Baƙon ya miƙa mini buzunsa da tasbaharsa da wata 'yar jakar fata, ya kwana biyu ya wuce garinsu.

Lokacin ni magidanci ne, na sauke Alƙur'ani, kuma a ganina in ka cire liman duk Yasore babu mai karatu kamar ni. Ga ni da son a sani. Maimakon in shiga da jakar wurin mahaifiyata, sai na kwance ta a zaure gaban masu ta'aziyya, ina zaton turaren Makka ne ko dabinon Madina. Na zazzage a tabarma, sai ga wasu 'yan ƙarafa guda bakwai, masu faɗin kan babban yatsa, duk sun yi kore don daɗewa.

Wani dattijo maƙwabcinmu ya ɗauki ɗaya, ya tofa masa yawu ya murza. Surar mutum ta fito, yana tsaye da kambi a ka, riƙe da doguwar sanda wadda aka gitta wa kai. Wani da ya taɓa fatauci ya leƙa ya ce ai wannan gicciyen Nasara ne. Baƙon ya ce wani manomi ne a ƙasar Sham ya tono su a gonarsa, mahaifina ya nema ya ba shi. Babu wanda ya saurare shi. Ɗaya bayan ɗaya kowa ya tuna yana da aiki a gida.

Abin da ya sa maganar ta kama kuwa, kakana Bamaguje ne, da furfurarsa ya musulunta, kuma mutanen ƙauye ba sa manta irin wannan. Kafin kwana uku an fara cewa tsohon jini ne ya motsa. Mutum ya yi shekara takwas a ƙasar da ba wanda ya sani, wa ya san abin da yake bauta wa? Mata suka rage shigowa wurin mahaifiyata. Liman ya kira ni gefe, cikin ladabi, ya ce a dakata da sadakar da za a yi wa mamacin har a gane kan al'amarin. Mutumin da ya taka ƙasa shekara takwas don Allah, ga shi ana shawarar ko a yi masa addu'a ko kada a yi.

Ba zan ɓoye ba, ni ma zuciyata ta karkata. Nakan shiga ɗaki in zuba su a tafin hannu, in ga mai sandar nan yana kallona, sai in yi maza in mayar da su jaka. Daga ƙarshe na yanke shawara irin ta masu wayo: in kai su wurin kawuna a Zakka, yayan mahaifiyata, wanda yake ƙera mundaye da zobba, ya narke su. In babu ƙarfen, babu magana. Ban gaya wa kowa ba, na yi sammako na kama hanya.

Na same shi ya hura wuta ke nan. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi haƙuri, ya tambayi yara da bisashe, sannan na zube masa su na ce zobe nake so.

"Zobe?" in ji shi. "To, an ji. Amma ni ban sa ƙarhe wuta sai na ga huskatai."

Ya jiƙa tsamiya a ƙwarya ya zuba su ciki. Da suka jiƙu ya riƙa goge su da tsinken asuwaki, a hankali kamar mai wanke jariri, yana ajiyewa. Ni kuma don kada in zauna haka nan, sai na jera su daga babba zuwa ƙarami. Ya dubi jerin ya dube ni.

"Kai, ɗan nan, goro kaka kasawa?"

Ya watsa jerina. Kawuna bai taɓa riƙe allo ba, alif ma bai sani ba, amma abin da ya yi da ƙarafan nan a ranar har yau ban manta da shi ba. Ya ce kuɗi ne, kuma ba zuba su aka yi ba, buga su aka yi da hatimi kamar riyal, kuma hatimi a juye ake sassaƙa shi don ya fito daidai. Ya ware ɗaya ya ajiye a hannun dama.

"Wagga ita ce uwa. Dubi ninkin rigar, dubi yatsun da ke riƙe da sanda. Wanda ya yi ta ya san abin da shika yi, rubutun ma na ƙasarsu ne, ya san shi."

Sai ya jawo guda uku ya sa a gefenta. Ya ce waɗannan 'ya'ya ne da jikoki, maƙeran ba su ga hatimin ba, ƙarfen kawai suka gani suka kwaikwaya. Na farko ya yi ƙoƙari, amma rubutunsa ya fito a juye, don ya sassaƙa shi yadda idonsa ya gani. Na biyu daga na farkon ya kwafa, har kuskuren ya ɗauko. Na uku kuwa kambin ya koma kamar an kifa wa mutum akushi a ka, rubutun ya zama tsagar kaza. Ya nuna mini gefensa inda aka datse shi da almakashi daga wani tsohon ƙarfe, ga sauran tsohon zanen yana leƙowa ta ƙasa.

"Haka almajiraina ka yi in na ba su munduwa su kwaikwaya," in ji shi. "Kowa shi ɗauko na ɗan'uwanai, kahin na huɗu ba ka gane kan maciji da kan kaza. Waɗanga mutane kasuwa ta matsa masu, sarkin da ka bugawa ya bar aiko masu, sai suka yi da kansu."

Ya ɗauki na biyar ya daɗe yana juya shi a hasken rana. Mutumin nan ne dai, da kambinsa da sandarsa, amma aikin ya koma mai tsabta.

"Nan hannu ya sake. Ga wani zane gefen mutumin, wanga ba kwaikwayo ba ne. Mai shi ya san abin da shika rubutawa, kuma daga dama ya taso, yadda kuka yi a allo. Kai da ka yi karatu, mi aka ce nan?"

Na karɓa ina yatsina fuska. Rubutu ne mai kusurwa, babu ɗigo babu wasali. Na bi shi da farce: ba, sin, mim. Bisimillahi ce. Kwana ashirin ƙarfen nan yana hannuna, ni mai saukar Alƙur'ani, ban ga sunan Allah ba saboda idona yana kan sanda. Sai da wanda bai san alif ba ya nuna mini.

Kawuna ya yayyafa wa wutarsa ruwa. Ya ce shi ba zai narke abin da ya fi ƙarfin saninsa ba, in ina son zobe in kawo tsohuwar tasa.

Washegari muka tafi Ruma tare, wurin wani tsohon malami da ake cewa littattafansa sun cika jaka goma. Ya saurare mu, ya shimfiɗa buzu, ya fara rabawa kashi biyu: na Nasara nan, na Musulmi nan. Huɗu suka tafi hagu, biyu suka tafi dama. Da ya zo kan na biyar sai hannunsa ya tsaya a sama. Ga gicciye, ga Bisimillahi. Ya kai shi hagu ya dawo da shi, ya kai shi dama ya dawo da shi.

"Allah gafarta Malam," in ji kawuna, "ba kashi biyu ba ne. Zuri'a ɗaya ce."

Ya jera su a layi yadda ya yi a maƙera, ya ƙara biyun ƙarshe. A na shida mai kambi ya tafi, wani mai gemu da doguwar riga ya tsaya a wurinsa, hannunsa a kan takobi. A bayan ƙarfen ga matakala da sanda a tsaye, amma an cire gittawar, kalmar shahada ta zagaye ta. Na bakwai babu mutum babu sanda, rubutu ne zalla. Malam ya karanta a fili: babu abin bauta sai Allah shi kaɗai. Ya juya bayan: Muhammadu Manzon Allah ne.

Sannan ya ce ya karanta a littattafan tarihi cewa Musulmin farko, bayan sun shiga ƙasar Sham, da kuɗin Rumawa suka ci gaba da ciniki shekaru masu yawa, har wani halifa na Banu Umayya ya sa aka buga nasu. Ya ce shi a zatonsa rana ɗaya aka yi, aka kwana da wancan aka tashi da wannan. Bai taɓa sanin taki-taki aka bi ba, sai yau da maƙeri ya shimfiɗa masa.

"Ka san abin da ke gabanka?" ya tambaye ni. "Wataƙila wani da ya yi salla bayan sahabbai ya sayi gurasa da wannan mai Bisimillahi. Sun fi shekara dubu. Tun ba a san za a yi Katsina ba."

Na dubi ɗan ƙarfen da bai kai ƙwayar goro nauyi ba. Hannuwa nawa ya bi, ya kwanta a gonar wani shekara nawa, ya ratso hamada a jakar mahaifina, ya zo ya tsaya taki uku daga wutar kawuna. Na ji kaina ƙarami ƙwarai, irin yadda ban taɓa ji ba ko a gaban sarki.

Malam ya ƙara da cewa mutum ba ya ɗibar bakwai a tulin manomi su fito a jere haka don sa'a kawai. Mahaifina zaɓa ya yi, ɗaya daga kowane mataki. Ya gane abin da ya gani, yana so ya kawo gida ya nuna.

Ranar Juma'a tsohon nan ya hau jaki ya zo Yasore da kansa. Bayan an idar da salla ya shimfiɗa buzu a ƙofar masallaci, ya ce wa kawuna ya yi bayani, shi kuma ya koma gefe ya zauna yana karanta rubutun in an zo wurin. Na ga manyan gari sun durƙusa suna leƙe kamar yara. Liman bai jira an tashi ba, nan take ya ɗaga hannu ya yi wa mahaifina addu'a, aka sa ranar sadaka. Maƙwabcin nan namu shi ya fara kawo damin gero.

Da na shiga gida na durƙusa gaban mahaifiyata, na gaya mata ainihin abin da ya kai ni Zakka. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

"Na sani," ta ce. "Na ji fitarka, na duba ban ga jakar ba."

"Inna, don me ba ki hana ni ba?"

"In hana ka mi? Ni na san wanda na aura. Kai ne ba ka san wanda ya haihe ka ba."

Yanzu na tsufa, na girmi mahaifina da shekaru masu yawa. Mutanen gari na yafe musu tuntuni, don su magana kawai suka yi, kuma ba su ci tuwo a akushi ɗaya da shi ba. Wanda na kasa yafe wa shi ne ɗan nan nasa mai karatu, wanda ya ɗauki shaidar ubansa da ƙafarsa ya kai ta bakin wuta. Har yau in zan yi wa mahaifina addu'a, sai na fara roƙonsa gafara tukuna.