Na Yi Ban-Kwana a Radiyo Kafin In Riƙe Takarda

A shekarun da nake ba ku labari, ni ne mai kawo labarin ƙwallo a wani ƙaramin gidan radiyo na garinmu Malanbil. Aikin ba wani babba ba ne, amma ni a lokacin gani nake duk ƙasar ba kamata. Ranar Lahadi in tsaya bakin fili da waya a kunne, ina zuba Hausa ina surkawa da Dendi, 'yan kabu-kabu su ajiye mashinansu su kewaye radiyon mai shayi. Daga Madekali har Gaya ana kama mu. Mahaifina tsohon ɗan kasuwar albasa ne da idanunsa suka mutu. Bai taɓa son ƙwallo ba, cewa yake gudun banza ne na ƙattin da suka rasa gona. Duk da haka ba Lahadin da ba ya jingina radiyo a kafaɗarsa. In na dawo sai ya ce ya ji ni, ya kuma tambaya ko ihun nan ba ya tsage mini maƙogwaro.

Wata rana wata ƙungiya ta zo wasa daga kudu, tare da shugaban sashen wasanni na wani babban gidan radiyo a Kwatano. Ya tsaya bayana har aka tashi, sannan ya ja ni gefe. Ya ce mai labarin ƙungiyoyin arewa ya bar su ya koma jarida, kujerarsa tana nan ba kowa, in sauko kafin a buɗe sabuwar kakar wasa, takardar ɗaukar aiki in na iso ma sa hannu. A sana'armu haka ake ɗaukar mutum, a bakin fili, da musafaha, don haka ban ga abin tsoro ba. Da na kai wa tsoho labari ya ce ba zai hana ni ba, sai dai kada in sallami mutane kafin takardar nan ta shiga hannuna. Na ce to, a raina kuwa ina cewa me mai albasa ya sani a aikin jarida.

A gidajen radiyonmu akwai al'ada: mai barin aiki ana ba shi fili ya yi ban-kwana da masu saurare. Ni kuwa na cika baki yadda ya kamata. Na faɗi sunan gidan da zan je, na yi alkawarin za su ji ni daga manyan filaye, mutane suna ta bugo waya suna sa albarka. Kafin in hau mota an riga an ba wani kujerata.

Na isa Kwatano na tarar wanda ya kira ni yana tattara kayansa. Shi ma wani gidan talbijin ya saye shi. Ya dafa kafaɗata ya ce zai yi magana da magajinsa, kuma daga ranar bai sake ɗaga wayata ba. Sabon shugaban ya zo da yaransa, ya ce bai san da zancena ba. Na saki reshe na kama ganye. Na yi ta zagaya gidajen radiyo, wani ya ce Faransancina yana da nauyi, wani ya ce in bar lambata. Ƙarshenta dakon buhun albasa na koma yi a kasuwa, wurin mutanen garinmu, ina roƙonsu su rufa mini asiri. Komawa gida kam kunya ta hana. Da wane ido zan kalli garin da na sallama da bakina?

Duk sanda tsoho ya sa aka kira ni, sai in ce aiki na tafiya, tashar ce ba ta kaiwa arewa. Haka kaka biyu suka wuce, sai aka bugo mini cewa ya rasu. Bayan sadakar uku ƙanwata ta miƙo mini radiyonsa, maɓallin neman tasha ya sule har ba ya kamawa. Ta ce kowace Lahadi yakan murɗa shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan har magariba, ko Allah zai sa ya ji muryata. Ta ce 'yan albasa sun daɗe da gaya masa gaskiya, bai dai bar murɗawa ba, kuma a ciwonsa na ƙarshe ya ba ta saƙo, ita ce ta kasa isarwa don kada in ji kunya.

“Ki hwaɗa mishi, in tashar ba ta kawowa nan, shi taho gida shi yi magana kusa da ni.”

Na yi kukan da ban taɓa yi ba, kuma har yau raina bai huce ba. Ban rubuto don in zagi kowa ba. Wanda ya kira ni shi ma tasa yake nema, haka sana'ar take, kowa ƙafarsa ɗaya a waje. 'Yan'uwana masu bin filaye da waya a kunne, musafaha ba takarda ba ce, kada ku yi sallama kafin ku sa hannu. In kuma ta ɓaci, ku koma gida da kunyarku, gari zai yi dariya ya manta. Ni na tsaya jiran ranar da zan koma da girma, alhali mutum ɗaya da yake neman muryata bai taɓa damuwa da wa ya ci wasan ba.