Gorar Eriyar Baba a Kausani

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da ƙanena, ko shayi ba mu tsaya sha ba. Shi ke tuƙi, ni kuma aikina in riƙa cewa ya rage gudu, yana yi kamar bai ji ba. Ranar Juma'a ce, kuma dole mu kai gida Kausani, can ƙasar Wudil, kafin la'asar.

Abin da ya tayar da mu kiran Baba ne. Mahaifinmu ba mai son waya ba ne, in ya kira to ko rasuwa aka yi ko ruwa ya ci gona. Wannan karon cewa ya yi tashar talabijin ta jiha tana da wani shiri da take maimaita tsofaffin hotunan da ta ɗauka a ƙauyuka, kuma a ƙarshen na makon jiya sun ce Juma'a mai zuwa za su nuna matan Kausani masu ƙuli-ƙuli. Ya ce a ɗan guntun da suka haska ya gane tsamiyar bayan gidanmu. Sannan ya ce, "Tana ciki. Ku zo ku gyara min eriya."

Inna yake nufi, mahaifiyarmu. Ta rasu shekaru da yawa, tun kafin wayoyi masu ɗaukar hoto su cika gari. Hotonta ɗaya ne a duniya, ɗan ƙarami na katin shaida, ta ɗaure fuska kamar an ci mata bashi, alhali mace ce da dariyarta ke tsallake katanga. Na tuna ranar da mutanen tashar suka zo da motarsu ina ƙarami, amma ban taɓa ganin abin da suka ɗauka ba, don lokacin ba mu da akwatin talabijin. 'Ya'yana ba su san muryarta ba. Ni kaina, in faɗi gaskiya, fuskarta ta fara ɓace min.

Hanyar Zariya ta yi mana kirki, ban da wuraren da ake ta aiki ana karkatar da motoci hannu ɗaya. A Kwanar Ɗangora muka tsaya cin waina da miyar taushe. Wainar ta ƙanƙance, kuɗinta ya girma, mai wainar kuma ta rantse ita ma ba riba take ci ba. A rumfar akwai talabijin rataye a bango, an ɗora masa buta da ƙyallen goge kwano. Mutum kusan goma ne zaune, kowa kansa a sunkuye kan wayarsa, wani na dariya shi kaɗai, na kusa da shi na tsaki shi kaɗai. Na tambayi mai rumfar ko akwatin ya lalace. Ya ce lafiyarsa lau, wa zai kalla?

Daga Kura zuwa gefen Kano shinkafa ta yi kore shar, damina ta zauna sosai. Muka bi ta bayan gari muka faɗa Mariri, na sayi goro fari saboda Baba. Daga nan kuma sai haƙuri, domin Juma'a ranar kasuwar shanu ce a Wudil. Manyan motoci cike da bijimai, ƙahonni sun leƙo ta sama, 'yan kamasho a zaune kan ƙarfe suna ɗaga mana hannu kamar su suka gina titin. Ƙanena ya ce in kwantar da hankalina, ko mun makara ai za su ɗora shirin a intanet. Na ce haka ne. Wallahi na yarda da maganar a lokacin, don mun saba duk abin da ya wuce mu yana nan yana jiranmu a waya.

Kogin Wudil ya cika ya yi ja, 'yan kwale-kwale na ta yawo a ƙarƙashin gada. Masu kifi suka yanyame motar tun kafin mu tsaya. Muka sayi soyayyiyar tarwaɗa da yaji a ƙullin leda, muka yi sallar Juma'a a cikin gari, sannan muka shiga Sabon Gari neman wayar eriya.

Nan ne na fara jin abin ya canza. Shagon da na sani na gyaran rediyo da talabijin yana nan, mai shagon ma yana nan, furfura ta cinye shi. Amma yanzu kwamfuta ce a gabansa, matasa sun yi layi ana tura musu finafinai a waya. Tsofaffin akwatuna an jibge su a lungu har rufi. Da na ce wayar eriya nake so, ya cire tabarau ya dube ni.

"Alhaji, daga wane zamani ka taho?"

Ya tona ƙarƙashin tebur ya zaro wani naɗi da ƙura ta rufe, ya ce rabon da a tambaye shi ita har ya manta. Wata ma'aikaciyar jami'a, 'yar kudancin Kaduna, da ta zo karɓar wayarta, ta ji labarinmu ta ce ita ma babanta a ƙauye har gobe ba ya cin tuwon dare sai an kunna masa labarai. Ta ce Allah ya sa mu ga Innarmu. Na ji daɗin addu'ar fiye da yadda na nuna.

Mun sauka daga kwalta muka bi hanyar ƙauye, taɓo har gindin ƙofa. Muka sami Baba a zaure, ya sa farar rigarsa ta Idi. Bayan doguwar gaisuwa, ta iyali da ta hanya da ta damina, na lura ya shimfiɗa tabarmi uku a gaban akwatin, ya jera butoci, ya ajiye kwanon gyaɗa dafaffiya. Ya ce ya aika wa duk unguwa.

Wanda bai tashi a ƙauye ba ba zai gane tabarmin nan ba. Lokacin da Baba ya sayi talabijin ɗin nan mai ƙaton ƙeya, shi kaɗai ne a unguwarmu. Da yamma zauren kan cika, dattawa a gaba, mata daga ƙofar cikin gida, mu yara a kan katanga. In mai labarai ya yi sallama, duk zauren ke amsawa. Eriyar kuma tana kan wata doguwar gora a bayan zaure, kuma ba ta aiki sai da mutum biyu: ɗaya a waje yana murɗa gorar, ɗaya a ciki yana kallon hoto yana kira. Baba ke murɗawa, Inna ke kira. "Koma baya! Ka wuce! Tsaya nan!" Ita ce kaɗai a garin ke ba Baba umarni da ƙarfi a gaban jama'a, kuma yana bi.

Muka sauke gorar muka canza wayar, muka ɗaure gindinta da igiya. Ƙanena ya tayar da ƙaramin janareta, domin wutar gwamnati rabonsu da ita tun farkon mako. Hoto ya fito, da ɗan yayyafi a fuska, amma ana gani. Baba ya matso da kujerarsa har gwiwarsa na taɓa teburin, sai a nan na gane idonsa ya yi rauni fiye da yadda yake faɗa mana.

Muka yi la'asar, muka zauna jira. Babu wanda ya zo. Dattawan da suka saba zama a tabarmar gaba yawancinsu suna maƙabarta, sauran ƙafa ta hana. Matasan unguwar kuwa na gan su da idona a gindin wani shago inda sabis ya fi ƙarfi, sun jeru kamar tsuntsaye a kan waya. Baba yana ta duban ƙofa, yana gyara bakin tabarma da ƙafa. Can ya ce wataƙila hadari suka gani. Na ji tausayinsa har na kasa haɗa ido da shi.

Hadarin kuwa da gaske ne. Gabas ta yi baƙi ƙirin, kuma ana fara kiɗan buɗe shirin iska ta taso. Gorar ta juya, hoton ya tafi gaba ɗaya, sai shuuu. A daidai lokacin janaretan ya fara tari, yayyafi na shigar masa. Ƙanena ya ruga ya lulluɓe shi da buhu, ya durƙusa yana riƙe da wata waya da ke ficewa in an sake ta. Baba ya yunƙura zai fita wurin gorar, kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Na riƙe kafaɗarsa na ce ya zauna, yau shi zai kira. Na kunna ɗaukar hoto a wayata, na danƙa masa a hannu, na nuna masa ya saita ta ga akwatin kawai, kada ya taɓa komai. Ya ce to.

Na fita na rungumi gorar. Igiyar da muka ɗaura ba ta yi komai ba, in na sassauta hannu iska ta kwashe ta. Na fara murɗawa a hankali, ina kasa kunne ta ƙaramar tagar zaure. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ni ne ɗan fari, "kai" kawai yake ce min.

"Kai, koma baya. Ka wuce. Kaɗan. Tsaya nan! Kada ka motsa!"

Ban motsa ba. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, yana bin gorar yana shiga hannun rigata. Ta tagar ina jin muryar mai gabatarwa sama-sama, da ƙarar turmi, da hayaniyar mata. Sai na ji dariya. Ko cikin kasuwar Wudil aka yi dariyar nan zan ware ta. Tsakanina da fuskar Inna bai fi taku kaɗan ba, bango ɗaya ne, kuma na san in na saki gorar don in leƙa, ni ba zan gani ba, Baba ma ya rasa. Na kifa goshina a jikin gorar na yi kuka, ruwan sama ya rufa min asiri. Abin da ke ƙarfafa ni kawai shi ne wayar da ke hannun Baba.

Ba a daɗe ba aka wuce zuwa wani ƙauyen. Baba ya ce, "Shigo, an gama." Muka shigo a jiƙe sharkaf. Yana zaune yadda na bar shi, hannayensa biyu a kan gwiwa, fuskarsa ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Wayar tana kife a kan tabarma.

Na ɗauka na duba. Farkon hoton akwatin ne yana rawa, sai rufin zaure, sai duhu har ƙarshe. Na ce, "Baba, ai ajiye ta ka yi." Ya ce, "Ta fito tana gaishe da mutane. Ya zan tare fuskata da abu tana gaisuwa?" Ƙanena ya buɗe baki, na harare shi ya rufe.

A wurin cin kifi Baba ya ba mu labarin abin da ya gani, ya maimaita ya fi sau nawa. Zanen atamfa mai ganye ne a jikinta, wanda ya sayo mata a Kano. Tana murza tunkuza, mai na tsatsafowa ta tsakanin yatsunta. Wushiryarta ta fito da ta yi dariya. Na manta Inna na da wushirya, sai da ya faɗa.

Da safe kafin mu kama hanya na ce zan sayo masa sabon talabijin na bango wanda ake kallon komai a kowane lokaci. Ya tambaye ni ko tana ciki. Na ce a'a. Ya ce to a bar masa nasa, wataƙila su sake maimaitawa. Muka ƙara ɗaure gorar da waya mai ƙarfi. Tabarmin uku suna nan a shimfiɗe, bai naɗe ba.

A hanyar dawowa ƙanena bai yi gudu ba, ba sai da na ce ya rage ba. Tun daga gadar Wudil nake laluben shirin a intanet har muka shiga Kaduna, babu shi. Na sa wani abokina a Kano ya je tashar ya tambaya. Sun karɓe shi da mutunci, suka ce tsohon kaset ne, ma'aikacin da ke kula da su ya kusa ritaya, za a duba. Ina jira har yanzu, ban fid da rai ba.

Tafiyar nan ta koya min cewa mun saba da kallon da ke jiranmu, har mun manta akwai wanda sau ɗaya yake wucewa, kuma sai wani ya tsaya a ruwa kafin wani ya gani. Masu cewa talabijin irin na Baba ya kusa mutuwa ba ƙarya suke ba, na ga gawarwakinsa jibge a Sabon Gari. Abin da ke damuna shi ne iyayenmu da ke cikin tsofaffin kaset-kaset ɗin nan, waɗanda babu wanda ya ɗora su ko'ina.

Da na isa gida na tara 'ya'yana na kunna musu baƙin hoton, na ƙure sauti. Ƙarar janareta ce da ruwan sama a kan kwano. Can ƙasa sai muryar mace, tana ce wa baƙin tashar, "Sannunku da zuwa, sannunku da hanya." Sai muryar Baba, kusa da wayar, a hankali: "Yawwa, Hauwa'u. Sannu."

Ƙaramar 'yata ta tambaye ni wace ce Hauwa'u. Na ce kakarta ce. Shekaruna hamsin ba kaɗan, ban taɓa jin Baba ya kira sunanta ba sai ranar.