Ranar da Baba Injiniya ya wanke kwamfuta

Masana tarihi sun cika littattafai da labarin daulolin da suka rushe da ɗakunan karatun da suka ƙone. Ni dai babbar asarar ilimin da na gani da idona, wadda ba zan manta ba har abada, ta auku ne a wani falo a Paris, tsakanin kwanon gyaɗa da butar shayi.

Lokacin ina karatu a Bron, kusa da Lyon, ɗakinmu ɗaya da wani abokina ɗan Maradi. Ya gama rubuta kundin digirinsa na biyu, wanda a can ake kira mémoire, saura ya miƙa, sai kwamfutarsa ta ƙi tashi. In an kunna ta sai ta nuna tambarinta, ta yi ta juyi, ta mutu. Kundin kuwa babu shi ko'ina sai cikinta, don abokina na ganin ajiye kwafi kamar raunin tawakkali ne.

Na ce mu kai wa masu gyara na jami'a. Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Baba Injiniya na raye?"

Baba Injiniya shi ne mai masaukin duk ɗalibin da ya zo daga gida. Shi ke tarbo ka a filin jirgi, ka kwana a falonsa, ya ba ka rigar sanyi. A wajenmu kuwa, wanda ya ba ka rigar sanyi ya zama likitanka da lauyanka har ƙarshen rayuwa, ba a ƙetare shi, ba a gyara masa zance. Injiniya ne da gaske, na rijiyoyin burtsatse.

Muka hau jirgin ƙasa zuwa gidansa a Paris da kilishi a jaka. Bayan doguwar gaisuwa Baba ya gyara tabarau, ya yi bisimilla, ya yi ta danne-danne har wani shuɗin shafi ya buɗe. Wannan kam ya iya, ban hana shi ba.

"Kun gani? Masu ƙera ta suna ɓoye ɗan rumbu a cikinta, partition, nan asalinta yake."

Zaɓi uku ne a gabansa: a maida ta yadda take kwanakin baya, ko a sabunta ta a bar takardun mutum, ko a share komai. Na ce, "Baba, ko a fara gwada na farkon?"

"Kai me kake karantawa ma?"

"Adabi."

"To."

Iyakar hujjar ke nan. Abokina ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Baba ya ce, "Virus ne a cikinta. Mu a aikinmu, in ruwa ya gurɓace, fitar da shi muke yi duka."

Na'urar ma ta fi mu imani, don sai da ta sake tambaya ko da gaske ake. Abokina, da ya karanta faransanci tun firamare, ya karanta gargaɗin leɓɓansa na motsi. Da ƙyar ya ce, "Baba, mémoire ɗina fa..."

"Yana ciki mana, ɗana. Ina za shi?"

Ya danna. Aka zuba shayi.

Can ta farka, ta gaishe mu da bonjour, ta tambayi wane harshe muke so, kamar ba ta taɓa ganinmu ba.

"Ga ta nan, sabuwa dal!" in ji Baba.

Abokina ya buɗe nan, ya buɗe can. Wayam.

"Baba, babu shi."

"To ka gani? Ashe virus ɗin ya riga ya cinye."

Sai na ga ɗan Maradi ya rusuna, ya miƙa kilishi da hannu biyu, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."

Muka dawo Lyon, muka kai ta jami'a. Masu gyaran jami'a suka ce da zaɓin farko aka bi da ya isa, amma yanzu hanyar maida ta baya ma ta tafi tare da wankin. Abokina ya rasa zangon karatun da ya nufa, ya sake rubutun daga tsofaffin shafukan da malaminsa ya yi wa jan biro. Ranar da ya kare kundin, Baba ya zo da babbar riga, yana shaida wa jama'a cewa da na'urar da ya gyara aka rubuta shi.

Darasin da na ɗauka shi ne: girma daban, sani daban, kunya kuma ba ta dawo da shafi ko ɗaya. Na sha faɗa wa sababbin ɗalibai wannan, da murya mai nauyi.

Makon jiya tawa ta ƙi tashi. Baba ya ji labari, ya aiko a karɓa. Tana gidansa.