Layin da Na Tsallake a Takardar Kawu Mato

Kafin sunana ya ɓaci a Damagaram, ni mai rubuta wa mutane takarda ne. Ina da ɗan tebur da tsohon keken rubutu a gindin itacen bedi, daura da gidan shari'a. Mutanen ƙauye su zo da takardun Faransanci, in karanta musu, in rubuta musu amsa, su ba ni abin da ya sawwaƙa. Karatun nan kuwa ba daga sama na same shi ba. Kawu Mato, ƙanen mahaifiyata da ke noma a Droum, shi ya sayar da karsanarsa ya riƙe ni a lakwal, wato makarantar boko, bayan rasuwar babana. Ku riƙe wannan, samari, don a kansa labarin yake.

Wani ɗan kasuwa, Alhaji Laminu, yana ba manoma takin zamani bashi, su biya da gyaɗa in kaka ta yi. Ya fara da aiko mini da kuɗin goro ba gaira ba dalili. Na karɓa. Sai shadda ta Sallah. Na karɓa. Ranar da ya faɗi buƙatarsa, wallahi kunyar cewa a'a ce ta fara kama ni, kwaɗayi ya ƙarasa sauran.

Ga yadda abin yake. Mai bin bashi yana iya kai takardunsa kotu, alƙali ya ba da umarnin biya. Wisiye, wato ma'aikacin da ke isar da takardun shari'a, ya kai wa wanda ake bi. A cikin takardar akwai layin da ke cewa in ba ka yarda ba, kana da kwanaki ƙidayayyu ka shigar da ƙin amincewa, a saurare ka. In ka yi shiru kwanakin suka wuce, shirun ya zama yarda, sai a zo a ɗauki kaya. Mutanenmu kuwa sun saba da shari'ar fada, inda mutum ke zaune gidansa har dogari ya zo kiransa. Aikina kawai in tsallake layin nan in ce, "Ajiye ta da kyau, za a kira ka." Shi ke nan. Ban taɓa sa hannu a aljihun kowa ba, haka nake lallashin kaina.

Daga nan muka zarce. Wanda ya riga ya biya ma, ina buga sabuwar takardar amsa bashi da sunansa, a dangwala yatsan wani.

Wata Alhamis da hantsi sai ga Kawu Mato a gaban teburina, ya kare idanunsa da hannu don yanar ido ta fara rufe su. Yana da bijimai biyu da yake turkawa, so yake ya sayar a yi masa aikin ido. Ya zaro takarda daga aljihu ya ce, "Ɗana, duba mini. Ni dai na biya Alhaji gyaɗarsa tun bara, a gaban liman da maigari. Mene ne kuma wannan?"

Na duba. Ni na buga takardar da aka kai shi ƙara da ita. Sunaye ne aka ba ni jere, na ga nasa, na ce a raina masu suna Mato ai da yawa. Ƙarya nake, na san shi ne. Da na karanta masa layin nan, da ya kawo shaidunsa biyu magana ta mutu, amma da an tambayi wanda ya buga takardar. Na ce, "Kawu, ba komai ba ce. Ajiye ta da kyau, za a kira ka."

Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi da muke da namu a birni." Har ya ajiye mini ƙullin ƙuli-ƙuli da matarsa ta aiko.

Bayan wata biyu aka je aka kwance bijiman.

Asiri ya tonu ta hannun wata malamar lakwal a Garagumsa. Ita ta karanta wa mahaifinta takardarsa daga sama har ƙasa, suka shigar da ƙin amincewa cikin lokaci. Aka gwada yatsa, bai yi daidai ba. Jandarmomi suka ɗauke ni daga gindin bedi, da keken rubutun a matsayin shaida. Na kwantar da hankalina, don Alhaji ya sha dafa kafaɗata yana cewa, "Kai nawa ne, ba abin da zai same ka." A gaban alƙali kuwa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya boko ba. Wannan mutumin ke kawo mini takardu, ni ma cutata ya yi." Kai! Ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Shi ya ɗauki lauya, ya mayar wa wasu da kuɗinsu, ya koma shagonsa. Ni na tafi gidan kaso shekara uku. Ko ƙwaryar fura bai taɓa aiko mini ba.

Shekarar farko ba abin da nake yi sai tsine masa. Ina cewa an ci amanata. Sai daga baya na gane irin zafin da nake ji, shi na ɗora wa mutumin da ya sayar da karsana dominna.

Da aka sake ni na hau mota zuwa Droum. Na tarar da Kawu a kan tabarma a zaure, idon ya tafi duka biyun. Ya gane muryata. Na durƙusa zan fara roƙo, ya ɗaga hannu. Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro takardar, a naɗe cikin fata kamar laya. Ashe ya ajiye ta da kyau, yadda na ce.

"Karanta mini," in ji shi. "Yadda take a rubuce."

Na karanta ina fassarawa, har na zo layin. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Sai ya ce, "Iyakarsa ke nan? Ni na zaci abu ne mai tsawo, ka gaji." Ya karɓi takardarsa ya naɗe. "Na yafe maka, don mahaifiyarka. Amma kada ka ƙara ce mini Kawu."

Na tuba, kuma ina roƙon Allah Ya karɓa. Yanzu dako nake yi a tasha. Ku yara masu boko, ku ji ni. In takardar kotu ta shigo gidanku, kada ku jira kira, ba mai zuwa. Ku duba ranar da aka kawo ta, ku ƙirga kwanakin. Ku sa mutum biyu da ba su san juna ba su karanta, ku je ofishin magatakardan kotu ku tambaya da bakinku, ku tafi da shaidunku. In kuma kai ne aka miƙo wa takardar don kai kaɗai ka iya karatu a gidan, karanta ta duka. Ni layi ɗaya na tsallake, yau ina da ido biyu, ba ni da kawu.