Lawali bisa rumbu

Ina tsaka da cin tuwo a shagona nan Gusau sai ga kiran Lawali na Kucheri, abokin gem dina. Shekara biyu muna buga wani gem na yaki mai labari a waya, wanda ake biyan kudi a sabunta duk wata. Garinsu ba netwok sai ya hau bisa rumbu.

Yace "Sarkin cika baki, kwana hudu ban ganka ba. Mi ya hwaru?"

Nace "Lawali ai labarin ya kare. Tunda munka kashe sarkin aljanun nan, ni ma na kasheshi da hannuna kana bayana kana gudu, mi zan sabunta kuma?"

Inajin awaki na kuka kasan rumbun. Can yace "Wane labari? Ni wlh ban taba karantashi ba, dannawa nike in wuce. Karyarka nike hawowa inji."

Jama'a ni da ba'a kadani a magana, kahin tuwon ya huce na sabunta.

Ku masu bugawa, labarin ke rikeku ko kuma kunada naku Lawalin bisa rumbu?