Hannun Injin Niƙan Inna

Likitan bai yi dogon turanci ba. Ya ɗaga hannun Inna na dama a hankali, ta cije leɓe, ya sauke. Sai ya juyo gare ni ya ce wane aikin ƙarfi tsohuwa mai waɗannan shekarun take yi har kafaɗarta ta kumbura haka? Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da sana'ata ke nan, kula da tsofaffin mutane a gidajensu, in yi musu wanka in ba su magani, ga tawa uwar a cikin gidana tana fama, ban sani ba sai ranar da na ga tana ɗaura ɗankwali da hannu ɗaya.

Na san aikin kuwa. Niƙa ne.

Inna ta zo daga Kano ne lokacin haihuwata ta ƙarshe, bayan rasuwar Baba, na yi ta dabara har ta zauna. Ƙannena suna can suna ta ƙorafin na riƙe musu uwa, ni kuma babu abin da nake tsoro a duniya kamar ranar da za ta ce a mai da ta gida. Muna zaune a ƙasar Turawa, a hawa na biyar na wani bene a Highbridge, unguwar da ko burodi za ka saya sai ka hau tudu ka sauka. Inna ba ta jin Turanci, ba ta shiga jirgin ƙasa ita kaɗai. Abin da take da shi shi ne wani ƙaramin injin niƙa na ƙarfe da maigidana ya samo a shagon masu sayar da kayan masara, irin wanda ake ɗaurewa a gefen tebur, a zuba hatsi ta sama a yi ta juya hannunsa. Da shi take niƙa geron fura da tsiron kunun zaƙi. Duk Litinin da Alhamis, ina wurin aiki, maƙwabtanmu biyu sukan hawo da nasu hatsin: wata Hajiya 'yar Maraɗi da ke hawa na uku, mijinta na da shago a babban titin Grand Concourse, da wata 'yar Kumasi mai sayar da koko, wadda ke kiran Inna da Mma. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma na ɗauka na san komai.

Muna dawowa daga asibiti na ce an gama da juya inji a gidan nan. Inna ta ce to. Ni ce 'yar farinta, ko sunana ba ta faɗa, sai dai “ke wannan”. Tunda nake ba ta taɓa zama ta faɗa mini abin da ke ranta ba, alkunya ba ta bari. To ɗin nan nata na ɗauka amincewa ce.

Maigidana ne ya ce ai ya ga ana cire hannun irin wannan injin, a sa noti a gurbinsa, a kama notin da injin huda bango, wanda kafintoci ke ce wa diril. Ya ɗauko nasa ƙarami mai batir. Bai niƙa rabin kwano ba ya fara kuka, sai hayaƙi da ƙauri. Na buɗe taga ina masifa, na ce ya koma kan tuƙin motar da ya saba, wannan aikin ni zan yi shi da kaina.

Ranar hutuna na tafi wani babban shagon kayan gini. Tabɗi! Na ɗauka diril iri ɗaya ne a duniya, sai na tarar da bango guda cike da su, ja da kore da rawaya, mai waya da mai batir, wani kamar bindiga. Na tsaya na saki baki. Wani Bature mai jan gemu cikin ma'aikatan ya zo ya ce me zan huda, katako ko siminti? Na ce ba abin da zan huda, hatsi zan niƙa. Na nuna masa hoton injin a wayata.

Sai fuskarsa ta washe kamar ya ga 'yar uwarsa. Ya ce, “Ashe ke ma kina haɗa giya a gida!”

Na ce, “A'uzubillahi!” da ƙarfin da sai da wata mata ta juyo. Na ja mayafina na ce ya dube ni da kyau, na yi masa kama da mai dafa giya? Bawan Allah ya rikice yana ta ba ni haƙuri. Ya ce shi dai duk wanda ya taɓa zuwa masa da hoton wannan injin, to mai haɗa giya ne, shi ma da irinsa yake amfani a gida. Na ce mu kunu muke yi, na halak. Ya ce yaya ake yin sa? Na ce a jiƙa hatsi, a rufe shi har ya yi tsiro, a shanya, a niƙa. Ya ce to ai su ma haka suke yi, tiryan-tiryan, bambancin kawai nasu ana barinsa ya yi kwanaki. Na yi mutuwar tsaye. Innata, da carbi ba ya barin hannunta, ashe rabin hanyarta ɗaya da ta mashaya! Na ce a raina wannan maganar a nan za ta mutu, ba za ta hau hawa na biyar ba.

Amma fa ya san aikinsa. Ya ce kar in taɓa mai batir, ba shi da jimiri, zai ƙone. Na ce wannan kam na gani da idona. Ya ce kar in ɗauki mai dukan nan na huda siminti, zai farfasa injin. Ya miƙo mini wani mai waya, mai nauyi, bakinsa da faɗi yadda zai kama notin, da mariƙi na biyu a gefe, don in hatsi ya cije yana iya murɗe wa mutum wuyan hannu. Ya ce abin da ake nema ƙarfi ne, ba gudu ba. In gudu ya yi yawa gari zai yi zafi ya lalace, gwargwadon yadda ya kusa da juyin hannu, gwargwadon kyansa. Har ya ƙara da cewa hatsi ba ya son gaggawa. Na ce ya bar wannan wa'azin, ni gaggawar ce ta kawo ni.

Ranar Lahadi na tara su, Inna da Hajiya da 'yar Kumasi, don su ga abin mamaki. Na kwance hannun injin na yar a ƙasa, na ɗaura notin, na kama shi da diril, na jona a wuta. Na cika gero na danna. Jama'a! Gari ya dinga zuba kamar an buɗe famfo. Abin da suke wuni a kai, kafin ruwan shayi ya tafasa na gama. Ni kaina sai da na tsorata.

'Yar Kumasi ta dafe kai tana cewa, “Ei, Mma, wahala ya ƙare!” Hajiya ta tafa hannu ta ce, “Ikon Allah, wanga abu aljani ne. Hurar mako guda ke nan.” Ni kuwa sai hura hanci nake, ina jiran abin da Inna za ta ce.

Ta ce, “Sannu da ƙoƙari.” Ta sunkuya ta ɗauki hannun injin daga ƙasa, ta goge shi da gefen zaninta, ta shiga ɗaki.

Diril ɗin ya fi ƙarfin Inna, ko ɗaga shi ba ta iya yi, kuma ƙararsa na sa mata ciwon kai. Don haka niƙa ya dawo hannuna, ranar Lahadi da hantsi. Maƙwabta suka riƙa rataye ledar hatsinsu a ƙofarmu, in niƙa, in na fito in miƙa musu a bakin tasu ƙofar. Labari ya bazu, har daga wani benen ake aikowa. Kafaɗar Inna ta sace, likita ya yaba mini. Na riƙa ba mutane labari a wurin suna da biki, har da kwaikwayon yadda Baturen ya rikice.

Na lura Inna ta rage cin abinci, na ce sanyi ne. Na lura ta daina sa lalle, na ce tsufa ne. Kullum na dawo sai in same ta a kujerar bakin taga tana kallon matattakalar da ke hawa tudun unguwarmu. Na sha ganin irin wannan zaman a gidajen da nake aiki, na san ma'anarsa sarai, har rahoto nake rubutawa a kai in na gan shi a wurin uwar wani. A gidana sai na makance.

Wata Laraba ina kan hanyar aiki ƙanena ya kira ni daga Kano. Bayan gaisuwa ya ce, “Yaya, Inna ta ce a nema mata tikiti, tana so ta dawo kafin azumi.”

Na ce, “Wace Innar?”

Ya ce, “Inna nawa gare mu?”

Na zauna a kan dakalin wani shago. Matar da na bari yanzun nan tana shan koko, na ce mata sai na dawo ta ce Allah ya tsare, ita ce sai an zagayo ta Kano kafin in ji abin da ke ranta? Na yi ta surfa wa yaron nan faɗa, na ce su ne suka zuga ta. Ya ce wallahi ita ta kira shi, kuma abin da ta ce kawai shi ne zamanta a nan ba shi da amfani.

Da yamma ban wuce hawa na uku ba, na buga ƙofar Hajiya. Ko zama ban yi ba na ce, “Hajiya, me Inna ta yi muku kuka ɗauke mata ƙafa? Hawa biyu ne fa tsakaninku!”

Ta dube ni ta ce, “Ɗiyata, zamna tukuna.” Na ƙi. Ta ce, “To mu zo da wane dalili? Da muna da abin da ke kawo mu. Yanzu mu hau mu zamna haka kawai a gidan mutane, maigida ya dawo ya iske mu, a ce mun zo cin abinci? Mun je sau biyu, muka gaisa, muka rasa abin yi da hannuwanmu, muka taso.”

Na ce ai gara haka da a ce kafaɗarta ta lalace.

Hajiya ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ta ce, “Ke ba ki san abin da ya ci kafaɗar nan ba? Niƙanmu bai wuce na sa'a guda ba. Innarki ce in gari ya fito, ko ya yi laushi kamar me, sai ta murza shi a yatsa ta ce bai yi ba, a maida shi. Sau biyu, wata rana sau uku. Mu ce ta kawo mu juya, ta ce baƙo ba ya aiki. Duk mun gane, don kar mu tashi ne. Muka yi shiru, don mu ma ba mu son tashin.”

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da na zauna ba. Garin neman gira na rasa ido, kuma da kuɗina da ƙafata na je na zaɓo abin, har ina tambayar wanne ya fi ƙarfi.

Na hau sama a guje na shiga kicin. Na cire diril ɗin na tura shi ƙarƙashin tebur, na kwance notin, na shiga neman hannun injin. Na duba durowa, na duba bayan firiji, na zazzage kwandon tarkace. Babu. Na tambayi maigidana, ya ce rabonsa da shi tun ranar da na yar da shi a ƙasa. Inna tana jina ina ta buruntu, ni kuma na kasa tambayarta.

Na roƙe ta, na sa maigidana ya roƙe ta, na sa Hajiya ta hawo ta roƙe ta. Amsarta ɗaya ce, ta yi kewar gida. Ƙannena suka sayi tikitin.

Ana jibi za ta tafi, da rana, ina shirya mata akwati tana zaune a bakin gado tana nuna mini abin da za a sa. Na ɗago wani tsohon zaninta da ke naɗe a ƙasan akwatin, na ji nauyi. Na warware. Hannun injin ne, an goge shi tas, har an shafa masa mai, katakon mariƙin ya yi santsi daidai inda tafinta ke kamawa.

Na ce, “Inna, ashe yana wurinki? Kawo in mayar da shi yanzun nan. Diril ɗin kuma yau zan kai shi bola, wallahi yau.”

Ta ce, “Ke wannan, sun riga sun ga ana gamawa kafin shayi ya tafasa. Wa zai kuma yarda gari bai yi laushi ba?”

Hawaye suka zubo mini, na ce, “To me za ki yi da shi a Kano? Injin fa yana nan.”

Ta miƙo hannu ta karɓe shi, da hannun daman nan da ya warke sarai. Ta mai da shi cikin zanin, ta naɗe a hankali, ta tura shi ƙasan akwatin.

Ta ce, “Bar shi ya bi ni. Rana ɗaya aka sauke mu daga aiki.”