Burodi da Gishirin Pani Leokadia

Duk ƙauyenmu na Kurnica babu wanda bai taɓa shan faɗan Pani Leokadia ba. Pani a wurinmu kamar ka ce Malama ne, Pan kuma Malam. Shekara ashirin da shida ta yi tana raba wasiƙu a kan keke, da ta ajiye aiki muka zaɓe ta mai unguwa, don mun san ko ba mu zaɓe ta ba ita za ta riƙa juya mu. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya, shi ya sa na fi kowa shan faɗan, na kuma fi kowa sonta.

Mu da madara muke ci. Kowane gida da shanu uku ko huɗu, kullum da safe motar kamfani ta hayo gadar katako ta kwashe. To, gadar ta tsufa tukuf. Da sanyi ya shigo direba ya ce shi ba zai mutu a kan madarar wani ba, kamfani kuma ya aiko takarda: in ba a sa ranar gyara ba kafin ƙanƙara ta narke, mota ta daina zuwa. In babu mota shanun ba su da amfani. Ni har na fara ciniki da dillali a kan saniyata Malina, ina yi ina hawaye.

Ana cikin haka Leokadia ta gano cewa a kasafin kuɗin da majalisar wakilai ta amince da shi an ware wa yankinmu zloti miliyan shida. Na gada? Ina! Na hasumiyar kallo, wadda wani ofishi a birni ya ƙirƙiro don masu yawon buɗe ido.

"Su hau su kalli me?" in ji ta. "Gonar kabejin Zenon? Ƙasar nan shimfiɗe take kamar faifai, ko kujera ka taka ka gama ganinta!"

Muka ce ai bakin alƙalami ya bushe. Ta ce mu ne dai muka bushe. Ashe jaridun mutane da ta riƙa karantawa a zamanin aikinta kafin ta miƙa musu ba su tafi a banza ba. Ta tara mu a zauren 'yan kwana-kwana ta yi mana karatu: kasafi in ya bar majalisar wakilai sai ya je ta dattawa, su ɗari ne, kwana ashirin gare su. Suna iya ɗauke kuɗi daga nan su mayar can, kuma gyaransu zai zauna sai dai in wakilai sun haɗa rinjaye sun ture shi. Ɗaya daga cikin ɗarin nan namu ne, Pan Bogumil Kalita, wanda tun ranar zaɓe ba mu sake sa shi a ido ba.

Wasiƙa uku ta rubuta masa, shiru kake ji. Ta huɗun sai ta mayar da ita gayyata, wai ƙauye na son karrama shi. Rana ta tara cikin ashirin ɗin sai ga shi har da mai ɗaukar hoto.

Babban baƙo da burodi da gishiri muke tarbarsa, kuma ba a juya wa burodi baya, dole ya zo ya sumbace shi ya gutsura. Leokadia ta gasa ƙato guda, ta ɗora a kan farin ƙyalle mai ado, ta tsaya a bakin gada ta ɓangarenmu. Direban sanata ya leƙa katakon, ya ja birki a hayi.

"Pani Leokadia, ƙaraso mana!" in ji sanata.

"Haba Pan Sanata, ina ka taɓa ganin burodi ya bi baƙo? Tako dai, amma bi ta hagu, katakon dama ya ruɓe."

Ya tako, ga takalmin birni ga santsi, katako sai kuka yake. A tsakiya ƙafarsa ta burma har gwiwa, ya ƙanƙame ƙarfen gefen gada yana kallon baƙin ruwa ta ramin. Zenon mai gonar kabeji ya tuntsure da dariya, da sauri ya mayar da ita tari. Da sanata ya iso, ya sumbaci burodin.

"Nan yara ke bi zuwa makaranta?" in ji shi.

"Sau biyu a rana. Amma kwantar da hankalinka, in an gina hasumiya za mu riƙa hango su in sun faɗa."

Sai ya nemi ta ba shi takardar kamfanin.

Bayan mako guda muka cika zaure gaban talabijin. Sanata ya miƙe a majalisa ya karanta gyaransa, a ɗauke kuɗin hasumiya a zuba a gadar Kurnica. Dattawa suka amince, da kasafin ya koma hannun wakilai ba su ture ba. Ranar na kira dillali na ce ya nemi saniyar wani, na shiga garke na rungume wuyan Malina na yi kukan daɗi.

Da kaka aka buɗe gadar siminti, sanata ya sake zuwa. Wannan karon a ƙofar gidanta ta jira shi da burodin.

"Yau ba a bakin gada ba, Pani Leokadia?"

"Yau kowa na iya isowa ƙofata, Pan Sanata. Goge ƙafarka ka shigo."

Washegari da safe motar madara ta danna oda sau biyu, na fita da bokitin Malina.